Hoto Mai Dishi-dishi: Laifin Akwati ne Ko na Mai Ɗauka?

Akwai wata gardama da ba ta mutuwa tsakanin masu sha'awar ɗaukar hoto a kwalejin nan tamu, ko a ɗakunan kwana, ko a gindin bishiya bayan an tashi daga aji. Waɗansu sun ce wanda bai rataya babbar kyamara mai dogon hanci a wuyansa ba, wasan yara ya ke yi. Waɗansu kuwa sun ce zamanin rataye-rataye ya wuce, wayar da ke aljihu ta gama kome. Da a fatar baki abin ya tsaya, da ban roƙi Edita fili ba. Amma akwai 'yan'uwanmu, maza da mata, da ke ƙuntata wa cikinsu suna tara kuɗin guzuri, har da masu shirin cin bashi, don su sayi kyamara ko su sake waya. In ka tambaye su dalili, amsa ɗaya ce: wai hotunansu ba su fita sosai, sai dishi-dishi kamar an ɗauke su cikin hazo. To, abin da na ke so in nuna shi ne, galibin hotunan nan ba arahar akwati ta ɓata su ba. Rashin saiti ne, ko rawar hannu, kuma duka biyun ba a sayen maganinsu a kanti.

Bari mu fara daga tushe, don wanda ya gane yadda hoto ke shiga akwati ba ya bukatar a yi ta jera masa dokoki. Sami gwangwanin Milo wanda ba kome a ciki, ka huda gindinsa da siririyar ƙusa, huji guda ɗan ƙarami. Ka rufe bakinsa da farar takarda marar kauri wadda ka ɗan shafa wa man gyaɗa, ka ɗaure. Sa'an nan ka lulluɓe kanka da bargo, ka juya hujin wajen wata bishiya da rana ta haska. Za ka ga bishiyar a jikin takardar, amma kanta a ƙasa, gindinta a sama. Dalili kuwa, haske a miƙe ya ke tafiya, ba ya lanƙwasa don kansa. Wanda ya taso daga kan bishiya ya bi ta hujin sai ya sauka a ƙasan takarda, wanda ya taso daga gindi ya sauka a sama. Wani masani, Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi zamansa a Alƙahira, ya bayyana wannan al'amari a littafinsa Kitabul Manazir kimanin shekara 1000 da suka wuce. Wanda za a tura gwajin koyarwa a firamare, ga darasin kimiyya nan da ba ya cin ko kwabo, kuma yara ba su manta shi.

Gwangwanin nan ba ya bukatar saiti, na kusa da na nesa duk ɗaya ne a wurinsa. Aibinsa shi ne duhu, gama hasken da ke bi ta hujin ƙusa bai taka kara ya karya ba. In ka faɗaɗa hujin, hoton ya yi haske amma ya dagule. Sabo da haka aka sa wa kyamara gilashi mai tudu a tsakiya, irin wanda yara ke ƙona takarda da shi a rana. Aikinsa ya kwaso haske mai yawa, ya tattara shi wuri guda. A madadin takardar nan mai mai, kyamarar da tana da fim, ta yanzu kuwa tana da wani ɗan faranti mai jin haske, wanda masu sana'a ke kira sensa.

Sai dai gilashi yana da sharaɗi guda: nisa ɗaya kaɗai ya ke iya tattarawa daidai a lokaci guda. Ɗauki gilashin da aka rubuta wa 50, watau mai milimita 50. In dutse mai nisa za a ɗauka, sai gilashin ya tsaya milimita 50 daga faranti. In kuwa mutum ne a tsaye mita 1 daga gare ka, tilas gilashin ya matso gaba da kamar milimita 2 da rabi. Wannan 'yar matsawa, wadda ba ta wuce kaurin tsinken ashana ba, ita ce saiti, ita ce Turawa ke kira fokas. Idonka ma haka ya ke yi, amma shi ba ya matsawa, tsoka ce ke sake siffar ƙwayarsa. Ɗaga yatsanka kusa da hanci ka dube shi, za ka ga allo ya dushe. Dubi allo, yatsa ya dushe. In mutum ya haura shekara 40 ƙwayar ta kan fara tauri, shi ya sa za ka ga waɗansu malamanmu, Allah ya ja zamaninsu, suna miƙa hannu da littafi kafin su karanta.

Yanzu ga inda maganar ta ke da daɗi. Ko da ya ke nisa ɗaya ne ke kan saiti sosai, akwai ɗan fili gabansa da bayansa inda dushewar ba ta kai ido ya lura ba. Wannan fili na ke kira zurfin saiti. Wani lokaci bai fi taƙi ɗaya ba, wani lokaci kuwa ya kan kama daga ƙafarka har iyakar ganinka. Abu uku ke mulkinsa: faɗin ƙofar da haske ke shiga, da tsawon gilashi, da nisan abin da a ke ɗauka.

Ita ƙofar haske, a babbar kyamara a kan buɗe ta a tsuke ta, kuma tana da lambobi: 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, lamba na hawa, ƙofa na tsukewa. Ba wani asiri ba ne, rabawa ce irin ta aji huɗu. Raba tsawon gilashi da lambar, ka sami faɗin ƙofa. Gilashi mai 50 a lamba 2, ƙofarsa milimita 25 ce. A lamba 8 kuwa, milimita 6 da ɗan ɗoriya. Ko wane mataki ka hau, ka rage rabin haske, amma ka matso kusa da halin gwangwaninmu, watau zurfin saiti ya ƙaru.

Ga misali da lissafi. A ce 'yan wata ƙungiya su 12 sun jeru layi uku, na gaba a tsugune, na tsakiya a kan benci, na baya a tsaye. Mai hoto yana mita 3 daga layin tsakiya, da gilashi mai 50, a kyamarar da farantinta ya kai girman tsohon fim, milimita 36 da 24. In ya buɗe ƙofa a lamba 2, abin da zai fito tar daga mita 2.8 ne zuwa 3.2, bai kai ko rabin mita ba. Ke nan layin benci kaɗai ya tsira, na gaba da na baya sun zama kamar fatalwa. In ya tsuke zuwa lamba 8, saitin ya kama daga mita 2.3 har 4.2, kowa ya shiga. Kyamara ɗaya, gilashi ɗaya, wuri ɗaya. Wanda ya sayi akwatin da ya fi kuɗin makarantarsa na shekara tsada, ya bar ƙofar a wangale don an ce masa haka gwanaye ke yi, zai ɓata hoton ranar yaye ɗalibai, ranar da ba a maimaita ta.

To, ina waya ta shiga? Gilashin waya gajere ne ƙwarai, a yawancinsu milimita 4 zuwa 7 ne, ƙofarsa kuwa ba ta fi ƙwayar dawa ko ta wake faɗi ba, kuma galibi ba a buɗe ta ba a tsuke ta. Gajeren gilashi zurfin saitinsa yawa gare shi. A irin wayoyin da mu ke riƙewa, in saiti ya tsaya a mita 2, kusan kome daga mita 1 har bangon ƙarshe zai fito. Don haka a hoton taro da rana tsaka, waya ta fi babbar kyamara yafe kuskure. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Akwatin Brownie da kamfanin Kodak na Amurka ya fitar a 1900, ana sayar da shi dala 1, ba shi da abin murɗa saiti ko kaɗan, ƙaramar ƙofa ce ke rufa masa asiri. Da irin akwatin nan, Brownie D na fam 2, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara a 1950, mutumin da daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya har ya tara hotuna wajen 1000, waɗanda aka nuna a manyan gidajen nuni na duniya. Manyan kayan aiki sun zo masa daga baya, bayan hannu ya riga ya faɗa.

Abin da waya ba ta iyawa da gilashinta shi ne ware mutum guda ya fito shi kaɗai, bayansa ya narke. Masu ƙera waya sun nemi hanyar zagaye: tun wajen 2016, da iPhone 7 Plus, aka yawaita wani tsari wanda kwamfutar cikin waya ke kintatar ina mutum ya ƙare, ina bango ya fara, sa'an nan ta dusar da bangon da lissafi. A fuskar waya abin gwanin kyau. Amma buɗe hoton ka dubi gefen ɗaurin kallabi, ko bakin kitso, ko tsakanin hannu da ƙugu, sau da yawa za ka ga an gutsure wani wuri, an manta da wani. Ni dai ba na shawartar kowa ya kunna shi a hoton da ya wuce mutum biyu.

Da can mai hoto da hannunsa ya ke murɗa gilashi. A 1977 kamfanin Konica na Japan ya fitar da C35 AF, kyamara ta farko mai saita kanta da aka sayar wa jama'a da yawa, a 1985 kuma Minolta 7000 ta kawo abin cikin manyan kyamarori. Waya ta biyo baya. J-SH04 ta kamfanin Sharp, ta shekarar 2000, ɗigo 110,000 kaɗai hotonta ke da shi. Ko iPhone ta farko, ta 2007, gilashinta a kafe ya ke. Sai a 2009 aka sa mata mai motsi, wanda in ka taɓa wuri a fuskar waya ya saita can.

Yana da kyau a san yadda na'urar ke neman saiti, don a san inda ta ke tuntuɓe. Hanya ɗaya ita ce lalube: ta tura gilashi gaba, ta ja shi baya, tana duban inda iyakar fari da baƙi ta fi kaifi, ta tsaya nan. Ɗaya hanyar, wadda ta fi sauri, ita ce ta gwada hasken da ya shigo ta gefen dama na gilashi da wanda ya shigo ta hagu. In ba su faɗa wuri ɗaya ba, ta san nawa za ta matsa, da kuma wane waje. Duk biyun suna bukatar haske, suna kuma bukatar wani layi ko zane da za su kama. Nuna mata farin bango, ko farar riga marar aiki, ko allo da aka goge, sai ta yi ta kai da kawowa. Tsaya bayan ragar filin ƙwallo ko wayar taga, sai ta kama ragar ta bar 'yan wasa. Kuma ko da ta saita daidai, ba ta san wanda ka ke nufi ba. Kai kana nufin abokinka, ita ta zaɓi furen da ke gabansa. Ba ta yi kuskure ba, ba a gaya mata ba ne.

Maganin ba wuya. A waya, taɓa fuskar mutumin da yatsa kafin ka danna. In ka daɗe da yatsan a wurin, yawancin wayoyi su kan kulle saitin, ba ya sake motsi sai ka sake taɓawa. A kyamara, danna maɓalli rabi, ka ji ya kama, sa'an nan ka ƙarasa. In hoton mutum guda ne, idonsa za ka nufa, wanda ya fi kusa da kai, gama in ido ya fito tar ba mai kula da kunne. In layi uku ne, nufi na tsakiya. Ranar wasannin gidaje kuwa, kada ka bi mai gudu da saiti, ba za ka cim masa ba. Je ka layin ƙarshe tun kafin a busa usur, ka sa wani ya tsaya a kan layin, ka kulle saiti a kansa, ka jira masu gudu su shigo da kansu. Haka masu hoton jaridu suka yi ta yi tun ba a ƙirƙiro saitin na'ura ba. Mai ɗaukar shafin littafi a laburare shi ma ya lura: gilashin waya yana da iyakar kusanci, in ka kusa fiye da faɗin tafin hannu yawancinsu ba su iya kamawa. Ja da baya kamar taƙi ɗaya ko biyu.

Taɓawar nan tana da wani amfani na biyu, wanda ya shafe mu mu baƙar fata. Inda ka taɓa, nan waya ke auna haske. In mutum ya sa farar riga, ko ya ba taga baya, na'ura ta kan bi farin ta rage haske, fuska ta zama baƙi ƙirin, ba ido ba hanci. Tsohuwar matsala ce: a shekarun 1950 katin da Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton Baturiya ne a jiki. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin Tecno da Infinix da itel, ya yi suna a Afirka da gyara kyamarorinsa don fatarmu, Google ma ya yi irin nasa a 2021. Duk da haka, juya mutum ya fuskanci haske, ko a kai shi inuwar baranda, ya fi duk wata dabarar kwamfuta.

Ba ko wane dishi-dishi ne na saiti ba, kuma mai son kuɗinsa ya kamata ya iya rarrabewa. Buɗe hoton da ya ɓaci, ka faɗaɗa shi da yatsu biyu. In ka sami wani wuri da ya fito tar, ko bango ne ko ciyawa, amma mutumin ya dushe, saiti ne ya faɗa inda ba a so. In kome da kome ya jirkice waje ɗaya, har fitilu sun yi wutsiya, hannunka ne ya motsa. In bango ya tsaya cak, mutumin kaɗai ya shafe, shi ne ya motsa. In kuwa hoton duka ya yi hazo-hazo, fitilu suna da rawani, to duba gilashin, za ka tarar da maiƙon yatsa. Wayar da ta kwana a aljihu, ta sha hannun da ya ci ƙosai, ƙyalle mai laushi ta ke bukata, ba canji ba.

Motsin nan na biyu da na uku maganar ƙyaure ce. Bayan ƙofar haske akwai ƙyaure, wanda ke buɗewa ya rufe in ka danna. Da rana ya kan yi haka cikin kashi 1 daga 1000 na sakan, ba abin da zai motsa a wannan ɗan lokaci. A babban ɗakin taro da dare kuwa, don ya tara haske, ya kan daɗe har kashi 1 daga 15, ko fiye, kuma ba hannun da ba ya rawa a nan. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce, gilashi mai 50 kada a riƙe shi da hannu ƙasa da kashi 1 daga 50, mai 200 kuwa kashi 1 daga 200. Mai gudu yana bukatar kashi 1 daga 500. In haske ya yi ƙaranci, manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ko ka jingina da ginshiƙi, ko ka kafa wayar a jikin tarin littattafai ka sa mata jinkirin sakan 3, don kada dannawar ma ta girgiza ta.

Maganar megafiksel ba zan daɗe a kanta ba, ba ta cancanta ba. Megafiksel 1 ɗigo miliyan 1 ne. Hoton inci 6 da 4, irin na albam, miliyan 2 da 'yan kai ya ishe shi. Mai girman takardar A4, kamar miliyan 9. Wayoyin da aka rubuta wa 48 ko 50 galibi haɗa ɗigo huɗu-huɗu su ke yi, su ba ka 12. Bayan haka in ka tura ta WhatsApp kamar yadda aka saba, a matse shi a zubar da mafi yawa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kafin ka kai kuɗinka kasuwa, yi wa abin da ke hannunka jarrabawa. Manna shafin jarida a bango inda rana ta haska, ka goge gilashi, ka kafa wayar a kan tebur kamar mita 1 daga bangon, ka taɓa rubutun, ka ɗauka da jinkiri. In ƙananan baƙaƙe sun karantu, na'urarka lafiya lau ta ke. In sun ƙi, bayan ka gwada sau uku, to wata ƙila ɗan injin da ke tura gilashi ya mutu, abin da ya kan faru ga wayar da ta sha faɗuwa, sai a kai wa mai gyara.

Ban ce babbar kyamara ba ta da rana ba. Gaskiya ne kasuwarta ta faɗi: kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 a 2010, a 2023 kuwa ba su kai miliyan 8 ba. Amma waɗanda waya ta kashe ƙananan nan ne na aljihu. Akwai aikin da har yanzu sai babba: jawo ɗan wasa daga wancan gefen fili, gama jawowar yawancin wayoyi yanke hoto ne kawai da faɗaɗa shi, ɗaukar wasan kwaikwayo a ɗaki mai duhu, inda babban faranti ke kwasar hasken da ƙarami ba ya samu, da kuma aikin biki, ga wanda ya ke so ya riƙa samun na sabulu da hutu. Mai irin wannan niyya, shawarata ya sayi tsohuwa ta hannu mai lafiya, Canon ko Nikon, waɗanda gilasansu da batiransu suka fi samuwa a ƙasar nan, ya sa ragowar kuɗin a gilashi mai 50, wanda ya ke cikin mafi araha kuma mafi kaifi. Ya kuma sani ya ɗauko reno. Da hunturu ƙura na shiga har kan faranti in ana sake gilashi a fili, da damina kuwa laima na sa gilashi ya yi fumfuna daga ciki, musamman a nan inda ruwa ke daɗewa. Kada ya bar ta a ƙasan akwatin tufafi wata da watanni. Ya ajiye ta cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da a kan samu a kwalin sabon takalmi.

Wajen saye kuma, kada ya tsaya ga ƙyallin jiki. Ya ɗauki hoton farar takarda ko sararin sama a lamba 16, ya faɗaɗa. Duk ƙurar da ke kan faranti za ta fito ɗigo-ɗigo. Ya murɗa saiti daga kusa zuwa nesa, ya ji ko yana cijewa. Sa'an nan ya cire gilashin, ya haska shi da tocilan ta baya, ya leƙa ta gaba. In ya ga zare-zare a ciki kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce ta riga ta kama, ya miƙa wa mai kaya kayansa.